Kofi Ɗaya

Mannir, autana, ya aiko ta daga Legas
cikin kwali, an naɗe ta kamar jaririya.
Direba ya ajiye a tasha,
yaron Barira ya ɗauko a babur
har Rafindaɗi, har ƙofar ɗakina.

Tsayinta bai kai na buta ba.
Baƙa wuluk, da ido ɗaya.
Ya kira ni a waya yana koya mini:
Inna, ruwa ta baya, iya zanen nan,
ganye ko garin gahawa a ’yar rariyar,
ki danna, ki jira.
Na ce, shi ke nan?
Ya ce, shi ke nan.

Ni da na shekara talatin da huɗu
ina hura gawayi kafin assalatu.
Tukunyar shayin gidan nan
da hannu biyu ake sauke ta.
Citta, kanumfari, masoro,
kimba in mura ta shigo gida.
Kofuna goma sha ɗaya a faranti:
na silba ga yara, don ba ya fashewa,
na tangaran mai tsagaggen baki ga maigidan,
wanda ya hana a yar.
Wannan ya ce sukari bai ji ba,
waccan ta ce na wane ya fi nata.
Nawa kuwa sai ya huce nake sha,
a tsaye, mayafi a kafaɗa,
rajistar ’yan aji uku a hammata.

Yanzu na danna, idon ya yi ja.
Ta yi gyaran murya irin ta liman,
ta yi tari biyu,
sai ɗis, ɗis,
sai siririn zare mai tururi.
Kofi ya cika, ta yi gum.
Ko ɗigo ba ta ƙara don wani.
Ta fi ni iya lissafi.
Ni har yau in ina awon shinkafa
sai hannuna ya zarce.

Kwana uku ina gaba da ita.
Na lulluɓe ta da tsohon ɗankwali.
Wa ya faɗa mata ni kaɗai na rage?

Ran na huɗu na gwada gahawar.
Maɗaci ƙaninta ne.
Daren nan na ƙirga rodin taga,
na ƙirga jikoki, na sake ƙirgawa,
har zakaran gidan Malam Sada ya yi cara.
Da safe na daka citta na cusa a rariyar,
na ce mu gani ko za ta yi gardama.
Ba ta yi ba.
Muka shirya.

Jiya da hantsi Barira ta yi sallama,
ƙafarta mai ciwo tana biye da ita.
Ta ce, wannan kuma mi ne ne?
Na ce, zauna ki ga ikon Allah.
Na danna. Ta kama baki.
Kofi ya cika na miƙa mata,
ta ce ba ta sha sai nawa ya sauka.
Na zuba ruwa iya zanen,
na kai yatsa,
aka ɗauke wuta.

Muka dubi idon, ya mutu.
Muka dubi juna.
Barira ta yi dariya har da tari.

Na tashi na buɗe kabad.
Can baya, bayan kwanonin da ba a taɓawa,
na tangaran ɗin yana nan,
shekara shida bai ga ruwan zafi ba.
Na ɗauraye shi.
Na raba shayin biyu,
nata ya ɗan fi nawa, ban gyara ba.
Ni na sha ta wajen tsagin.

Da dare Mannir ya bugo:
Inna, tana aiki kuwa?
Na ce tana yi, Allah ya yi albarka.
Ya ce, ba ta yi miki kaɗan ba?
Na ce, wutar ce dai ba ta zama.
Ka gaishe da yaran.