Fom na Rijiyar Marke

An aiko ni daga sakatariya da fom mai shafi huɗu,
wai in cike iyakokin Rijiyar Marke,
da tarihinta a layi uku, da yawan masu ƙuri'a.
Na saƙala biro a kunne na nufi ɗakin Iya Yalwa,
don ta girmi kwalta, ta girmi turakun lantarki.

Na ce, gabas?
Ta ce, burtali, inda shanun Jatau ke bi da la'asar.
Na duba taswira: layin masu gyaran adaidaita sahu.
Yamma fa?
Kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin gidan nan,
wanda ya ci jakin Barau shekarar marka kwana tara.
A takarda fuloti goma sha biyu ne da kanti.
Shi ya sa duk damina ruwa ke dawowa neman gidansa,
ya shiga ɗakunan mutane ba sallama.

Arewa gonar dawa ce.
In ka hau rumbu, in ji ta, kana hango Goron Dutse.
Yau in ka hau, tankin ruwan maƙwabci za ka gani.
Kudu maƙabarta.
Ita kaɗai ba ta matsa ba, cika kawai ta yi.

Tarihi kuwa, wani Talle Baita ne, mahaƙin rijiya,
ya yi fushi kan rabon gado, ya fito daga cikin ganuwa
da sungumi da igiya da mata mai tsohon ciki.
Gaba goma sha ɗaya ya nutsa a gindin marke
kafin ƙasa ta yi masa gumi.
Fatake suka sha, suka yada zango, wasu suka manta da tashi.

Da mu muke zuwa birni, in ji Iya,
da daddawa a ka, sammako, mu riski Kurmi da hantsi.
Sai wata rana birni ya zo mana da kansa,
ko takalmi bai cire ba.

Sau uku ana sauya mana ƙaramar hukuma
ba mu naɗe ko tabarma ba.
Mai unguwa Tanimu na nan da kundin harajin ubansa,
gara ta karance rabinsa.
Aikinsa yanzu buga hatimi a takardar ciniki
da raba faɗan kwata tsakanin baƙi biyu.
Kansila ya zo bara ya auna wurin kwalbati da tafin ƙafa.
An kafa allon kwangila.
Awaki sun gode, sun sami inuwa.

Marken an sare shi don wayar wuta ta wuce.
Rijiyar an rufe ta da siminti,
mai cajin waya ya ɗora rumfarsa a kai.
Sunan ne ya rage a bakin kwandasta,
yana kiransa ba ya tunanin guga.

A shafin ƙarshe akwai gurbi biyu: ƙauye ko birni.
Na karanta wa Iya.
Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin wake,
sannan ta ce, in an yi mutuwa wa ke fitowa haƙa?
Na ce, har yanzu jikokin Talle.
Ta ce, to rubuta haka.

Na rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.
Oga ya dawo min da fom ɗin da safe,
wai gurbin ba na labari ba ne.