Tsatsa

A Agege, bakin layin dogo,
nan na dasa dutsen washi.
Shekara sha ɗaya ina gyara bakin ƙarfe:
wuƙaƙen mahautan Oko-Oba,
almakashin tela, addar mai fasa kwakwa,
da 'yar wuƙar Iya Ronke
wadda kuɓewa ta cinye rabinta.

Kowanne na zo mini a gajiye,
aiki ya dakushe shi.
Gajiyar ƙarfe ita ce shedarsa.

Sallau kan biyo da safe, in ya tashi daga gadi,
ido jajur, buhu a hammata.
Kowa ya san abin da ke cikin buhun.
Sai ya ce, "Malam Ilu, me kake hararta?
Kayan aiki ce.
Kai da dutse, manomi da fartanya,
ni da wannan."

Na ce, "Fartanya kullum tana cin ƙasa.
Taka yaushe rabon ta da aiki?"
Ya ce, "Shirunta ne aikin.
Mai sito bai ɗauke ni don gemuna ba,
dogon bakinta ya gani.
Kuma daren Ikko, in wuta ta ɗauke,
ba ya tambayar ɗan wane ne kai.
Wani na riƙe ta don ya ƙwata,
wani don a ce yallaɓai,
ni don tsoro ya sami abin jingina."

Ban ce komai ba. Jirgi ya wuce,
ya kwashe sauran zancen.

Sai damina ta zo,
irin ta nan, mai kwana uku ba sallama.
Ran Laraba ya iso ba gaisuwa,
ya zauna a benci, jikinsa na ɓari
kamar mazari.

"Jiya, wajen ƙarfe biyu,
inuwa ta diro ta katanga.
Na yi tsawa, ruwa ya haɗiye muryata.
Na saita.
Ilu, na ja kunama.
Wallahi na ja."

Ƙyas.
Abin da ta ce ke nan.
Albarushi ya sha ruwa, tsatsa ta kama wuya.

Da ya haska tocila,
yaro ne, bai kai sha uku ba,
da farantin gyaɗa a kife bisa kai,
rumfar kwano ya hango, yana neman inda ba ya zuba.
Har ya ce masa sannu, da Yarabanci.

Suka kwana tare.
Ya ba shi rabin burodi da bargon gadi.

Yanzu ga ta nan a kan cinyata, ya kwance buhun.
Nauyinta bai kai na gatari ba.
Ina da mai, ina da tsumma,
aikin minti ashirin ne.

Wuƙa in ta ƙi yanka, an yi asarar wuni.
Wannan ta ƙi,
wata uwa a Orile ta wayi gari
tana faɗan ina ka kwana,
ba ta san me aka bar mata ba.

Na ce, "In goge?"
Ya daɗe yana kallon layin dogo.
Daren yau ma yana da gadi,
kuma ba kullum ne mai gyaɗa ke dirowa ba.

Ya ce, "Bari tukuna.
Fara da wuƙar Iya Ronke,
tana jira."