Mai Fiton 'Yan Makaranta

A tafkin Tonle Sap gidajenmu ba su da tushe,
kan gangunan ƙarfe suke lilo.
Makarantar ma haka take, shuɗiya, da tuta ɗaya.
In ruwa ya janye mu ja ta da igiya,
in ya cika mu mayar da ita cikin itatuwan da suka nutse.
Sunana Kosal. Ni ke fiton yara.

Ba ni da agogo.
Rediyon maƙwabcina na fara kiɗan labarai
nake kwance igiya, in tayar da inji.
Goma sha bakwai ne nawa in sun cika.
Ina ƙirga su yadda tsoho ke bin haƙoransa da harshe,
ya san inda giɓi yake.

Giɓina Rithy ne.
Litinin ya zo, Talata shiru,
Laraba ya fito da riga a hannu, shinkafa a baki,
bayan mun yi nisa,
yana ɗaga mini hannu daga bakin ƙofa.
Ban juya ba.
In na juya don ɗaya, sha shida sun makara.
Amma ranar injin ya yi mini nauyi a hannu
kamar wani na riƙe da shi ta ƙarƙashin ruwa.

Malama Sreymom ta tare ni a matakala,
alli har gwiwar hannunta.
Ta ce, "Kawu, karatu saƙar koma ne.
Ido ɗaya ya tsinke yau, wani gobe,
ran da aka jefa, ta nan duk kifin zai fice.
Jiya muka yi rabawa, yaron nan bai gani ba,
yau kuwa a kanta za mu ɗora."

Da la'asar na tuƙa zuwa gidansu.
Na tarar da Bunthoeun da ɗansa cikin taru,
suna cire ƙananan kifi ɗaya bayan ɗaya.
Bai ɗago ba ya ce, "Hannuna biyu ne.
In rana ta riga ni, kifi ya ruɓe,
allo ne zai ciyar da mu?"

Ban yi masa wa'azi ba, ban iya ba.
Babban yatsana na miƙa masa.
Na ce, "Da wannan na dangwala takardar bashi.
An karanta mini wata goma,
ashe uku aka rubuta.
Jirgina na fari, mai jan baki, ka tuna shi?
Yana can Siem Reap yana ɗaukar baƙi.
Ni ma an sa ni makaranta,
kullum gobe nake zuwa,
har gobe ta yi furfura."

Ya daɗe yana kallon yatsan.

Tun daga nan ƙarfe huɗu nake isa gidansu.
Hannu shida, fitila ɗaya, sauro ba adadi.
Kafin rediyo ya yi tari mun gama,
Rithy ya wanke ƙarni da toka,
ya shige jirgi kafin kowa,
ya kama gaba, wurin da ruwa ke fantsama.
Kwana arba'in da ɗaya ke nan ba giɓi.
Na sani, don ina tsaga kara a jikin jirgi.

Shekaranjiya barci ya sace ni,
ciwon baya ya hana ni runtsawa sai goshin asuba.
Na farka da bugu a jikin bango,
filafili ne ake dokawa, ba tausayi.
Na leƙa: ga shi cikin bahon wanki,
ya tuƙo kansa, jaka a ka,
fuska a murtuke irin ta malamarsa.

Ya ce, "Kawu, ka makara."