Rabon Kyanwa

Ƙarfe uku na rana a Boden, duhu ya riga ya sauka.
Tove Lahti ta kunna fitila, ta fuskanci allon kwamfuta,
gari sukutum a tafin hannunta:
tukunyar wuta guda, famfo tara,
da bututun da ke kai ruwan zafi gida gida
ta ƙarƙashin ƙasar da sanyi ya mayar dutse.

Harshen da take rubutu da shi ba ya ba da umarni.
Ba a ce wa na'ura yi kaza, sannan kaza.
Gaskiya kawai ake shimfiɗa mata:
abin da ya shiga mahaɗa, shi zai fita,
matsi biyu in sun gamu, bakinsu ɗaya.
Zane biyu a kwance kamar layin dogo,
hagu ba ta haifi dama ba, dama ba ta girmi hagu ba.
Wa ya tura, wa aka tura?
Wannan shari'ar na'ura ce, ita ke raba gardama.

Sharaɗinta guda ne, ba ragi ba tayi:
kowane ɓoyayye sai an ɗinka masa daidaitonsa.

Ta danna. Shiru. Sai jan rubutu:
ɓoyayyu dubu huɗu da goma sha bakwai,
daidaito dubu huɗu da goma sha shida.
Saura ɗaya.
Tsakuwa guda, ta hana cin shinkafa.

Kwana uku tana tsefe layi kamar kitso,
kofi ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa.
A dare na huɗu ta gaji,
ta cusa sifili a gurbin, ta toshe bakin na'ura.
Lissafi ya tafi sumul, ya ce kowa na cikin ɗumi,
alhali a ƙarshen Layin Maƙera
tsohuwa Majvor da safa biyu take kwana.
Tove ta goge sifilin, kunya ta hana ta kallon taga.

Ran Alhamis Östen ya leƙo shan kofi,
shekara talatin da ɗaya ya yi a ramin bututu,
bai san harafi ɗaya na harshen nan ba.
Ya ɗora yatsa mai kanta a kan taswira:
"Wannan 'yar wutsiyar fa?"
"Tsohon gidan burodi. An rufe reshen tun ban zo ba."
Ya yi dariya har da tari.
"A takarda aka rufe. Ɗauko rigar sanyinki."

Bayan gidan burodi, dusar ƙanƙara har gwiwa,
amma ga wani fili, faɗin tebur bai fi ba,
baƙar ƙasa a jiƙe, tana numfashi,
ciyawa kore shar a tsakiyar Janairu,
kyanwa uku a dunƙule, ko motsi.

"Bawul ɗin bai taɓa rufuwa duka ba," in ji shi.
"Ni na ɗaura shi. Hannuna ya sani."

Ta cire safar hannu, ta dafa ƙasar.
Ɗumin Majvor ne, ya yi ɓatan kai.

Da ta koma, layi ɗaya ta rubuta:
zafin da ke zurarewa nan
daidai yake da tazarar ruwa da ƙasa, a ninka da raunin bango.
Sha bakwai, sha bakwai.
Zane ya miƙe a allo, ya rusuna daidai Layin Maƙera,
inda gaskiya ta daɗe tana rawar ɗari.

Ta ƙara wa famfo na tara ƙarfi a daren,
ta sa haƙa a jadawalin Mayu, in ƙasa ta saki.
Harshen ya nemi suna ga sabon adadin.
Ta daɗe yatsunta na sama,
sannan ta buga: rabon kyanwa.