Ƙwai a Cokali

Barira tana jego, kwana goma sha ɗaya,
daga wankan ganye sai kunun kanwa.
Ta ce, "Yau Asabar, taron yaran unguwa
a firamaren bayan Ƙofar Sauri.
Wata uku muna zuba ɗari bibbiyu.
Kai za ka kai Hansa'u."

Na dubi rigar Alhaji Gide, aikin wuya bai ƙare ba.
Na dubi ɗiyata, har ta sa takalmi,
na dama a ƙafar hagu.
Na ja mayafi na rufe keken ɗinki.

Ruwa ya sauka da asuba, ƙasa tana ƙanshi.
An jera tabarmi a gindin bedi,
mata sun haura arba'in, goyo ya fi haka,
maza kuwa mu uku ne:
ni, mai gadi, da Lawandi mai faci
wanda tagwaye suka rabe masa a wando.
Muka gaisa har sau biyu,
gaisuwar baƙin da suka haɗu a tasha.

Malama Turai ta ari lasifika mai shaƙewa,
rabin maganarta iska ke sha.
Can gefe ma'aikaciyar asibiti
ta rataye sikeli a reshe,
jarirai na lilo ɗaya bayan ɗaya,
kowa da kukansa, kowa da lambarsa a kati.
Goggo Lantana ta tara 'yan ƙanana:
"Ga ta nan, ga ta nanku."
Wata ta ce, "Goggo, tatsuniya da rana? Ɓata ake yi!"
Ta ce, "To mu ɓata tare, ai mun san hanyar gida."

Sai aka kira 'yan shekara huɗu.
Ƙwan zabo dafaffe, cokali ɗaya ɗaya,
igiya a miƙe can wajen tuta.
Usur!
Tagwayen Lawandi suka zabura kamar 'yan awaki,
ƙwai ya yi gabas, cokali ya yi yamma.
Iyaye na guɗa, wata ta manta da goyonta tana tsalle.

Hansa'u ba ta yi gudu ba.
Tana tafe kamar mai ɗauke da tulu cike,
ido a kan ƙwai, harshe a gefen baki.
Na san harshen nan.
Nawa ne, in zare ya ƙi shiga allura.
Shekara huɗu muna kwana rufi ɗaya
ban san ta ɗauke min shi ba.

Ta isa igiya bayan an gama tafi.
Ba ta tsaya ba.
Ta sunkuya ta wuce, ta wuce tuta,
ta wuce mai gadi, ta nufi ƙofa.
Malama Turai na kira, lasifika na tari.
Na ce, "Ke, ina zuwa? An gama!"
Ba ta ɗago ba. "Umma ba ta zo ba.
Ita zan kai mawa."

Haka muka ratsa lungu,
ita gaba, ni baya, ina tare mata babura,
mai awara ta janye kaskonta,
wani dattijo ya ɗage sandarsa ya ba mu hanya.
Kududdufi biyu, kwata ɗaya,
ban ɗauke ta ba, ba ta nema ba.

Barira ta ɓare ƙwan, ta raba uku.
Jariri bai da haƙori, aka ba ni rabonsa.

Ance waɗanda suka ci tsere sun samu sabulu da fensir.
Rigar Alhaji Gide sai Talata, ya yi haƙuri.
Cokalin kuwa yana aljihuna har yanzu,
an ɗiga masa jan fenti a wutsiya,
ban san na gidan wa ba ne.
Asabar ta ƙarshen wata akwai wani taron.
Ni zan mayar.