Sama Ba Ta da Gefen Titi

A Aboabo gidana yake, kusa da filin jirgi.
In ɗaya ya taso, kwanon rufi sai ya ɗauki rawa,
kaji su watse, mai tallan koko ta haɗiye kiranta.
Ni ko a jikina. Shekara talatin da ɗaya
kunnena a bakin inji yake kwana.

Albasa na sauko da ita, gishiri na haura da shi,
siminti, doya, huhunan goro.
Kumasi, Techiman, Kintampo, gadar Buipe,
kowane rami na san shi kamar maƙwabci,
har wanda aka cike bara ya sake buɗe baki bana.

Sai ga Barira, autata,
wadda ta koyi ƙirga da notunan taya,
ta dawo da farar riga da zare a kafaɗa.
Na ce, zauna, matuƙiya, mu yi ta ta ƙare:
hanyarki wa ya taɓa haƙa mata rami?
Saniya ta taɓa tsallaka miki a kwana?
Ɗan sanda ya taɓa ɗaga miki hannu a cikin gajimare
yana murmushi, yana jiran sidi ashirin?
Ke ana yi miki magana daga hasumiya,
hau nan, sauka can.
Ni wa nake da shi? Yaron mota mai gyangyaɗi
da goro ɗaya a kumatu.
Kin san gangara da lodi tan arba'in a ƙeya,
ka taka birki ka ji ƙafarka ta wuce kamar cikin kunu?

Ta gama cin wake da shinkafarta tukuna.
Halin uwarta ke nan.
Ta ce, Baba, ran da injinka ya mutu, me ka yi?
Na ce, na gangara gefe, na sa dutse a taya,
na karyo ganye na jera a titi,
kwana uku muna dafa shayi a ƙarƙashin mota.
Ta ce, to, sama ba ta da gefen titi.
Babu dutse. Babu ganye.
Kuma albasa ba ta da 'ya'ya masu jiranta a gida.

Na yi tari. Na ce shayin ya huce.

Watan jiya ta saya mini kujera zuwa Tamale.
Aka ɗaure ni da bel kamar buhu.
Ban gama jan carbi ba aka ce mu shirya sauka.
Hanyar da ta cinye mini ƙugu,
ta ba ni tabarau, ta kwashe mini haƙora biyu,
ga ta can ƙasa, zaren da tela ya yar.
Na manna goshi a taga ina neman kwanar nan bayan Kintampo
inda muka bar Mumuni da motarsa cikin damina.
Ban gan ta ba. Kore ne kawai, ko'ina kore.

Sai iska ta ɗaga mu ta sake mu.
Cikina ya tafi neman maƙogwarona.
Ƙafata ta dama ta shiga laluben birki
a ƙarƙashin kujerar wani bawan Allah.
Muryar Barira ta fito daga rufi, a kwance,
irin muryar da nake yi wa yaron mota
in na ga abin da ban so ya gani ba.

Da muka sauka na kama hannunta.
Tafin a jiƙe yake.
Ban ce komai ba, ita ma haka.

Har yau in an tambaye ni a tashar Asawase
ina cewa tuƙin babbar mota ya fi wuya.
Amma in kwanon rufi ya fara rawa
nakan ajiye kofi,
in bi ƙarar da kunne
har sai na ji ta canja giya.