Bar-su

A kasuwar Jega na saye shi, ɗan kwikwiyo,
kuɗinsa bai kai na tiyar gero ba.
Na raɗa masa Bar-su
don maƙwabta su ji, su san da su nake.
Aikinsa ɗaya, gadin injin ban ruwa a fadama,
inda aka taɓa kwance mini tiyo cikin dare
aka bar shinkafata da ƙishi.

Sai ya girma, ya ƙi barin kowa.
Ya yage zanen Inna Tumba a hanyar rijiya.
Ya kashe agwagin Na'allah guda huɗu,
ya jera su bakin ƙofa kamar mai talla.
In karya ta yi kuka a ƙetaren gulbi
ya tsinke igiya ke nan, sai bayan kwana uku,
kunne a tsage, ido a kumbure.
Na biya agwagi, na biya zane.
Ranar da ya cafki ƙaurin yaro mai tallar kifi
na biya allura, na biya kunya, ita ta fi tsada.
Mai unguwa ya ce, ko guba ko dabara, zaɓi ɗaya.

Na sayi gubar.
Ta kwana biyu a aljihun rigata.

A na uku aka kwatanta mini Sajan Manu,
mutumin Zuru, shekara ashirin da karnukan 'yan sanda.
Ya sauka daga babur, bai dubi karen ba, ni ya duba.
Ina yake wuni? Na nuna turke,
sarƙa taku uku, ƙasa ta yi kwari saboda zagaye.
Da me kake masa magana? Na ɗago sanda.
Ya ce, to, ɗalibaina biyu ke nan,
kuma shi zai riga ka ganewa.

Ya fara tura mu Birnin Kebbi, asibitin dabbobi.
A teburin mai shayi an sha dariya:
za a fiɗiye maigadi, ɓarayi ku yi guɗa!
Likita Asabe ba ta yi dariya ba.
Ta ce, wuƙata za ta rage masa yawo da neman faɗa,
hankali kuwa ba a ɗinka shi da zare,
wannan ya rage naku.
Ya farfaɗo yana layi, roba a wuya kamar mazurari,
ya lallaɓo ya ɗora haɓa a kan takalmina.
Ban janye ƙafar ba.

Mako shida, kullum bayan la'asar, a kan gaɓa.
Zauna. Tsaya. Zo nan.
Busasshen kifi a aljihu,
aljihun nan dai da guba ta kwana.
Sajan ya jefa sandata cikin ruwa, ya hana ni tsawa.
Karen ya iya zama a kwana huɗu.
Muryata ce ta ci sauran makonnin.

Ba zan ce ya zama waliyyi ba.
Har gobe in ya hangi agwagwa jikinsa rawa yake,
kuma Inna Tumba ta sake hanyar rijiya, ba ta dawo ba.
Amma da dare haushinsa na nan, tiyo na nan.

Jiya yaron nan ya biyo da tirensa, tabon a ƙauri,
ƙannensa biyu na bin sa.
Gashin bayan karen ya miƙe, ya yi ƙugi.
Na ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙo, bar su.
Ya dube ni. Ya zauna.

Ɗana Lawwali yana gefe, yana wanke ƙafa a kwata.
Ya ce, Baba, Sajan nan
ba ya karɓar masu 'ya'ya?
Na buɗe baki zan daka masa tsawa,
sai na ga kunnuwa huɗu suna jirana.